Abin da Mai Wanka Ya Gani

Da na dawo gida Kaura Namoda bayan shekarun da na yi ina bin ƙasashe, ban dawo da wata dukiya ta a zo a gani ba. Harsuna na kawo da ciwon gwiwa. Na zauna a Maraɗi ina tafinta tsakanin fatake da ma'aikatan kan iyaka, na yi Injamena, na yi Umdurman, na daɗe a Jidda ina hidimar alhazai. Fillanci kuwa a wurin kakata ta wajen uwa na sha shi. Furfura da wannan yawon ne suka sa wata ƙaramar ƙungiya ta unguwarmu ta naɗa ni ubanta, ba don ina iya ɗaga ko buhun dusa ba.

'Yan ƙungiyar 'yan kasuwa ne da direbobin tasha, kuma ba a biyan kowa. Aikinsu biyu. In mota ta faɗi a hanya su kwashi mutane zuwa asibiti, in kuma baƙo ya rasu a garin babu mai shi su yi masa sutura. Takardar da muke da ita duk duniya guda ce, wadda wani jami'in walwala ya buga wa hatimi tun da daɗewa. Tana rataye a shagon shugabanmu, mai sayar da taki, ƙudaje sun gama yi mata zane. Ba mu da littafin sunaye. Duk wanda ya sa kafaɗa aka ɗauki makara da shi, ɗan ƙungiya ne.

Abin da zan ba da labari ya faru ne da tsakiyar damina, gero ya fi mutum tsawo. A irin wannan lokaci direbobinmu ba sa son tsayawa a hanya, don ba ka san wanda ke cikin gonar ba. Ɗaya daga cikin direbobin ƙungiya, mutum mai iyali, mai wata tsohuwar a-kori-kura, ya taso daga Zurmi da hantsi zai zo Kaura. A wata kwana ya hangi mutum kwance a bakin kwalta. Daga baya ya gaya mini motoci biyu ne a gabansa, duk suka ƙara wuta, don an sha ajiye mutum a hanya a yi tarko da shi. Shi ma ya wuce. Sai ya duba madubi ya ga mutumin ya ɗaga hannu ya sake shi. Ya taka birki ya dawo da baya.

Bafillatani ne magidanci, ba ya iya magana, jini na fita ta hancinsa da bakinsa. Direban ya kira wani manomi da ke kusa suka ɗora shi a bodi, ya kama hanyar asibiti. Bai kai ba. Da ya tsaya a bakin gari ya leƙa, rai ya riga ya yi halinsa. Ya kira shugabanmu a waya, shugaba ya ce masa abin da kowannenmu zai ce:

"Mi za ka yi asibiti da wanda ya cika? Taho da shi masallacinmu."

Aka duba aljihunsa, babu waya, babu kati. Aka yi cigiya a tasha, aka yi a kara wurin dillalan shanu, babu wanda ya san shi. Aka shaida wa mai unguwa. Kafin la'asar jikin ya fara canzawa, ga zafi irin na bayan ruwa. Tsohon da ke mana wankan gawa, baduku ne a kasuwa, ya shiga da butocinsa shi da mai zuba masa ruwa, ya fito ya ce an gama. Muka yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa.

Ina cikin sahun, kuma a nan laifina yake. A Maraɗi na taɓa ganin gawar wani baƙo ta kwana biyu ana jiran jandarmomi, 'yan sandan can, su zo su rubuta, mutanen gari na ta guna-guni amma babu wanda ya taɓa ta. A Jidda kuwa ko alhajin da ya rasu a gaban abokan tafiyarsa ba a kai shi kushewa sai likita ya sa hannu. Na san wannan sarai. Lokacin da ake ɗinka likkafani maganar ta zo mini har baki, in ce a aika caji ofis a shaida musu tukuna. Sai na dubi jama'a, kowa na haramar lada, na ji nauyin in zama tsohon da ya jinkirta gawar Musulmi saboda takardar Nasara. Na haɗiye maganata. Na ɗaga hannu na yi kabbara tare da kowa.

Kwana huɗu bayan haka aka kama direban a tasha, yana cikin ɗaure kaya.

Yayan mamacin ne ya biyo sawu daga rugarsu, can bayan Gurbin Bore. Ƙanensa ya fita neman wata karsana da ta ɓace bai dawo ba. Ya yi ta tambaya har ya gamu da manomin nan, manomin ya gaya masa gaskiyar abin da ya gani: an sa ɗan'uwansa a motar mutanen gari da ransa, jina-jina, an yi Kaura da shi. Duk wanda ya san yadda zama ya lalace tsakanin gari da daji a ƙasarmu ya san abin da wannan magana take nufi a kunnen makiyayi. An sha ɗaukar mutum daga kasuwa ko daga hanya ba a ƙara ganinsa ba. Mutumin bai ɗauki makami ba, bai tara 'yan'uwansa ba, ya tafi wurin hukuma. Har gobe ina ganin girmansa a kan wannan.

'Yan sanda suka duba bodin motar suka ga jini ya bushe a tsakanin katakai. Suka tambayi direba ina mutumin, ya ce an rufe shi. Wa ya ba da izini? Babu. Wane likita ya gan shi? Babu. Aka sa shi bayan kanta.

Na aika aka kira mini wata lauya, 'yar wani aminina na Shinkafi da ya rasu, tana aiki a Gusau. Washegari ta iso. Muka zauna a shagon taki, ni da ita da shugaba da wasu dattawan ƙungiya, warin taki na shiga mana ido. Ta sauke takardar nan daga bango, ta karanta, ta mayar da ita a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Baba, wannan ba rajista ba ce," in ji ta. "A idon doka babu wani abu wai shi ƙungiyarku. Akwai dai mutane, kowa da wuyansa. Kuma ko da kuna da rajista, in ana maganar rai, mutum ake kamawa, ba suna ba."

Ta ce laifi biyu ne a gabanmu, kada mu haɗa su. Ƙaramin shi ne mun rufe mutumin da ba a san shi ba, wanda ya mutu ba a san dalili ba, ba mu shaida wa hukuma ba. Wannan mun aikata, babu musu. Babban shi ne zargin kisa, kuma ƙaramin ne ke ba shi ƙafafu, don duk wanda ya ji an yi gaggawar rufe gawa zai ce akwai abin da ake ɓoyewa. Ta ce in fayil ɗin ya bar garin nan ya tafi hedikwata da sunan kisan kai, beli ya fita daga hannun kowa a nan. Za a kai direban gidan yari jiran shari'a, kuma jiran shari'ar kisa ba a yi masa lissafi da makonni.

Shugaba ya share zufa da hularsa. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi.

"To ai mu ba mu aike shi ba," ya ce. "Hanyarshi ta, ya ga mutum ya ɗauka. Mu dai gawa munka gani. In anka ce ƙungiya ta, duk kwashe mu za a yi, wa za ya tsaya ma wani?"

Lauyar ta dube shi. "Alhaji, wa ya ce masa ya fasa asibiti ya kawo gawar masallaci?"

Shugaba ya sunkuyar da kai. Wani ya kama kallon buhuna.

"Wayarsa tana hannunsu," ta ce. "Za su ga wanda ya kira, da lokacin."

Na ce musu ni zan je in ba da bayani a rubuce, cewa ƙungiya ce ta karɓi gawar, ita ta rufe ta, kuma ina wurin. Ban faɗi haka don jarumta ba. Na dai san tun farko akwai maganar da ya kamata in yi ban yi ba. Shugaba ya daɗe yana juya hula, sannan ya ce, "Tunda ka tashi, Baba, ni mi zan zamna yi?" Muka tafi tare.

Babban jami'in caji ofis ɗin ba ɗan ƙasar nan ba ne, amma yana jin Hausa. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka rubuta bayaninmu, sannan ya ajiye biro ya ce:

"Baba, na yarda mai yiwuwa taimako kuka yi. Amma dubi abin da ke gabana. Mutum ya shiga mota da rai, akwai jini, babu gawa, babu likita. Dukanku da kuka zo abokan wanda ake zargi ne. Ga ɗan'uwansa can zaune a ƙofa tun shekaranjiya, mutanensa na jiran su ji abin da hukuma za ta yi. In na saki direban nan haka kawai, ka san abin da zai iya biyo baya a ƙauyukan da ke kan hanyar nan. Wa ya ga jikin mamacin da idonsa?"

Na ce mai wanka.

"To ya zo ya faɗi abin da ya gani. In ba haka ba, ranar Litinin zan tura fayil, kuma zan nemi kotu ta ba da izini a tone kabarin likita ya duba."

Ranar Alhamis ce. Kafin mu fita aka bar ni na ga direban ta tsakanin ƙarafa. Ya rame cikin kwana biyu. Bai tambaye ni yaushe zai fita ba. Cewa ya yi, "Baba, a ce ma mai ɗakina ta bar aiko tuwo, ba ya shiga." Sannan ya matso ya rage murya. "Da na wuce abina kamar sauran, da yanzu ina gida, ko?" Na ce ya yawaita hasbunallahu.

Na ɗauka aikin ya zo da sauƙi. Mai wanka maƙwabcina ne, tare muke sallar asuba. Na same shi a rumfarsa yana ɗinka gidan wuƙa, na zauna a kan buzu na kwashe labari na gaya masa. Bai ɗago ba.

"Ba ni hwaɗi," ya ce.

"Malam, ran mutum ne fa."

"Na sani. Wancan ma da ka kwance mutum na." Ya ja zare da haƙori. "Tun ina da baƙin gashi nike wanka. Ranar da malamina ya miƙa min buta ya ce, abin da hannunka ya taɓa, bakinka bai gani ba. Na wanke masu kuɗi, na wanke mahaukata, na wanke waɗanda in na buɗe baki gidaje sun watse. Ko uwargidana ba ta taɓa jin komi ba. Shi ya sa mutane ka ba ni iyayensu. Yau in tsaya gaban mai kaki in kwance ma bawan Allah zane, yana rubutawa?"

Na ce ai wanda ya zuba masa ruwa ma ya gani. Ya ce wannan bai ga komai ba, don a ƙarƙashin mayafi yake wanka, mai zuba ruwa kuma kansa a sunkuye. Haka aka koya masa.

Na kawo masa abin da na gani a Umdurman, inda masu wanka kan tsaya tare da likitan hukuma babu mai ganin aibi. Na kawo masa maganar malamai cewa ɓoye shaida zunubi ne, kuma abin da aka hana shi ne tona aibin mamaci, ba ceton mai rai ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce:

"Kai ka yi yawon duniya, Alhaji, ni ko Gusau sau biyu na tai. Wataƙila kai ka da gaskiya. Amma amanag ga ba tawa ta ba, ba taka ta ba, ba ta ƙungiya ta ba. Ta mai ita ta. Shi kuwa ya tahi."

Na tashi raina a ɓace. Ranar Juma'a liman ya sami mai wankan bayan an sauko, bai canza ba. Lauyar ta ce ana iya tilasta masa da sammaci in an je kotu, amma kafin a kai nan direban ya riga ya shiga gidan yari, kuma shaidar da aka matso daga bakin ɗan ƙungiya ba lalle ta gamsar da dangin mamaci ba. A tasha kuwa magana ta fara zafi. Wasu direbobi na cewa daga yau ko uwarsu suka gani kwance a hanya ba za su tsaya ba. Wasu na cewa a je a kori Bafillatanin daga ƙofar caji ofis. Na bi su rumfa rumfa ina ba su haƙuri, ina jin yadda abin ke neman kuɓuce mana.

Da safiyar Asabar ina alwala maganar tsohon ta dawo mini. Amanar ta mai ita ce. Mai ita ya tafi, amma ai ya bar magaji, ga yayansa can zaune a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar caji ofis.

Lauyar ba ta so in je wurinsa ba. Ta ce in na yi magana da mai ƙara a keɓe ana iya cewa na je lallashinsa ko tsorata shi. Muka koma wurin jami'in na nemi izini, ya haɗa ni da wani kurtu ya zauna nesa kaɗan yana kallonmu.

Yayan mamacin dogo ne, siriri, sandarsa a kan gwiwa. Na yi masa sallama, na gaishe shi da Fillanci, na tambayi shanu da iyali, na yi masa gaisuwar rashi. Ya amsa a taƙaice yana dubana ta gefen ido.

"Bakinka ya iya harshenmu, tsoho," ya ce. "Waɗanda suka zo rugar kawuna bara ma sun iya gaisuwa."

Na haɗiye wannan. Na ce masa ina cikin waɗanda suka yi wa ƙanensa salla, kuma mun yi kuskure da ba mu shaida wa hukuma ba, da wataƙila an same shi tun a ranar. Ban ce masa direban ba shi da laifi ba, don ba zai karɓa daga bakina ba. Na tambaye shi ko ya san abin da za a yi bayan Litinin. Ya ce an ce masa za a kai magana gaba. Ashe da Hausa aka yi masa bayani, Hausar tasa kuma ta ciniki ce. Na gaya masa dalla-dalla: za a buɗe kabarin, a fito da ɗan'uwansa bayan kwanakin nan a cikin ƙasar damina, likita ya yanka ya duba.

Ya miƙe tsaye har kurtun ya zabura.

"Ban roƙi wannan ba! Cewa na yi a gaya mini abin da ya kashe shi."

"Akwai mutum ɗaya da ya sani," na ce. "Ya ƙi gaya mini, ya ƙi gaya wa liman, ya ƙi gaya wa hukuma, alhali abokinsa na kulle. Ya ce sirrin ƙanenka ne. Ban san abin da ya gani ba, wallahi ban sani ba. Yana iya zama abin da zai wanke mu, yana iya zama abin da zai ɗaure mu. Kai kaɗai kake da ikon ka ce ya faɗa."

Kuma gaskiya na faɗa masa. A lokacin ne ma na fara jin tsoro na haƙiƙa, don sai a sannan na lura ni kaina ban san me ya kashe mutumin ba. Maganar direba kawai na riƙe. In akwai sara a jikin fa? In wasu ne suka yi masa aika-aika suka yar da shi a hanya, wa zai yarda ba mu ba ne?

Muka ratsa kasuwa mu uku, ni da shi da kurtu a baya, idanu na binmu. Mai wanka ya gan mu ya ajiye basilla. Na ce masa ga yayan mamacin, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe yana kallon fuskarsa, sannan ya ce, "Goshinsu guda." Ya shiga ƙuryar rumfa ya fito da wani ƙulli. Ashe al'adarsa ce, duk baƙon da ya wanke yakan ƙulle kayansa ya adana ko wani zai zo nema. Ni uban ƙungiya ban taɓa sani ba.

Mutumin ya kwance ƙullin. Riga ce da jini ya bushe a gabanta, da wando, da takalmin roba, da ragowar rawani da aka yage gefensa. Ya ɗaga rigar ya juya ta gaba da baya, yana bin ta da yatsa yana neman huda. Babu. Ya kifa fuskarsa a cikinta na ɗan lokaci. Da ya ɗago ya ce mini, "Gaya masa ni ne babba a gidanmu. Na sauke masa. Ya faɗa."

Tsohon ya ce kurtu ya matsa, ni ma da so samu ne in matsa, amma babu mai fassara. Ya sa na yi alkawarin abin da ya shiga kunnena ba zai fita ba sai abin da mai shi ya yarda. Na yi tafinta a gaban jandarmomi da alƙalai a ƙasashe uku, ban taɓa jin harshena ya yi nauyi kamar ranar ba.

Abin da yayan ya yarda a faɗa daga baya shi ne wannan. Babu sara a jikin, babu harbi, babu shatar sanda ko igiya. Ƙafar hagu ce ta kumbura tun daga idon sawu har cinya, ta yi baƙi. Sama da idon sawun akwai huda biyu ƙanana kusa da juna, an tsattsaga gefensu da wuƙa kamar yadda mutanen daji ke yi don dafi ya fita. A ƙasan gwiwa kuma an ɗaure tam da ƙyalle.

"Ban iya kwance shi ba, ya nutse cikin nama," in ji tsohon. "Yanke shi na yi."

Ya zaro ƙyallen daga aljihun wandon ya miƙa masa. Yankin rawanin ne, ƙullin yana nan yadda aka yi shi. Mutumin ya riƙe shi a tafin hannu ya zuba masa ido. Sannan ya sa babban yatsa ya tura wani gefe, ƙullin da ya gagari mai wanka ya warware nan take.

"Ƙullin dangwali ne," ya ce, wato igiyar da suke ɗaure maruƙa da ita. "Babanmu ya koya mana. Shi bahago ne, nasa kullum a juye yake fita. Da hannunsa ya ɗaura."

Ya zauna a kan buzun. Ya ce kububuwa ce, wadda ake wa kirari gobe-da-nisa, ta taɓa kashe musu ɗan baffa, shi ma haka jini ya yi ta zuba ta hancinsa. A rumfar gaba wani yana ta cinikin guga kamar ba abin da ke faruwa.

Da la'asar mai wanka ya sa rigarsa ta Juma'a ya tsaya gaban jami'in, yayan mamacin a gefensa. Kafin kowace jumla sai ya dubi mutumin, sai mutumin ya gyaɗa kai sannan ya faɗa. Jami'in ya aika wa wani likita bayanin, likita ya ce haka saran wannan maciji yake yi. Duk da haka ba a saki direban a ranar ba, sai da aka sake kiran manomin nan, aka yi ta waya da na sama. Ranar Litinin ɗin da fayil zai tafi, ranar aka ba da belinsa a hannuna, kuma maganar kisa ta mutu a nan.

Ƙaramin laifin bai mutu ba. Ni da shugaba muka tsaya gaban majistare muka amsa cewa mun rufe gawa ba mu sanar ba. Ya ja mana kunne sosai, ya ce furfurata ta isa ta san abin da ya dace, kuma bai yi ƙarya ba. Muka sa hannu cewa ba za mu sake ba. Lauyar ta zauna da mu ta rubuta mana ƙa'idoji, ta fara mana neman rajista ta gaske, ta sa aka buɗe littafin sunaye aka yi wa kowa kati. Wasu suka ƙi a rubuta su, suka ce taimakon da zai kai mutum bayan kanta ba da su ba. Ban ga laifinsu ba. Baƙon da ya rasu bayan wannan sai da ya kwana biyu a ɗakin ajiyar gawa ana jiran takarda, mai wanka na zaune a ƙofar asibiti da butocinsa yana tsaki. Har yau bai daina gaishe ni a taƙaice ba.

Kafin yayan mamacin ya koma ya ce a nuna masa kabarin. Direban ya ce shi zai kai shi. Na bi su don fassara. Ciyawa har ta fara tsirowa a kan ƙasar. Muka yi addu'a, sannan mutumin ya juya ya dubi wanda ya sa aka kulle, ya ce in tambaye shi ko ƙanensa ya samu kalmar shahada.

"Sadda munka ɗora shi na laƙƙana mishi," in ji direban. "Murya ba ta hita ba, amma na ga leɓenshi na motsi."

Na fassara. Mutumin ya miƙa masa hannu biyu. Bai ba shi haƙuri ba, direban ma bai nema ba.

Bayan kaka na shiga motar direban zan je gaisuwa Zurmi. An wanke bodin, an canza katako biyu. Katin ƙungiya na rataye a madubi, lambar caji ofis kuma ya rubuta ta da fenti a jikin gilashi inda idonsa zai riƙa faɗawa. Muna tafe yana ba ni labarin tsadar taya. Da muka zo kwanar nan sai ya yi shiru, na ji ya ɗaga ƙafa daga totur, yana duban bakin kwalta dama da hagu. An girbe geron, fili ne fetal, babu kowa. Na so in tambaye shi ko zai sake tsayawa in ya ga wani. Ban tambaya ba, don ba ni na kwana a bayan kanta ba. Ya mayar da giya, ya ci gaba da maganar taya.